Dalmar gwangwan da ɗakin ɗaukar hoton ƙashi a Legas

Duk wanda ya san yadda sana'ar gwangwan take tafiya a Legas ya san cewa kaso mai yawa na tsohon ƙarfen da ke fita daga gidaje da garejoji da masana'antun wannan gari ta hannun mutanenmu yake bi kafin ya isa inda za a narka shi. Matasan da ke tura amalanke a lungunan Agege da Idi-Araba da Ijora, da masu tono a bolar Olusosun da ke Ojota, da dillalan da ke zaune gaban sikeli suna tara kaya don kaiwa manyan kasuwannin ƙarfe, dukkansu sun san tagulla da alminiyam da dalma da ido, kuma sun san wanda ya fi wani daraja. Ni aikina ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji ne a asibiti, amma ina da dangi da maƙwabta a wannan sana'a, shi ya sa tambaya ɗaya take zuwa mini ta fuska biyu. Mai son buɗe ƙaramin wurin ɗaukar hoto yana neman inda zai samu dalma da araha don ya rufe bangon ɗakinsa saboda kada hasken injin ɗaukar hoton, wato X-ray, ya ratsa ya cutar da na waje, mai gwangwan kuma yana son ya ji ko dalmar da ke hannunsa za ta yi wannan aikin. Matsayina a kan batun shi ne, dalma tana nan da yawa kusa da mu, amma wadda ake tsintowa a narka a gida ba ta ba da kariyar da ake nema, kuma cutarwar da take yi wa mai narka ta da iyalinsa ta fi ta hasken da ake gudu.

Dalilin da ya sa sunan dalma yake fara zuwa bakin kowa shi ne nauyinta. Santimita ɗaya ta kowace fuska na dalma yana da nauyin giram 11.3, alhali na baƙin ƙarfe giram 7.9 ne, na kankare kuwa bai wuce giram 2.4 ba. Ban da nauyi, ƙwayar zarrar dalma babba ce, lambarta 82, kuma hasken da injin ɗaukar hoto yake fitarwa ya fi saurin maƙalewa a cikin abu mai manyan ƙwayoyin zarra. Tun jim kaɗan bayan masanin kimiyya Roentgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895 aka lura cewa yana ratsa nama da katako da takarda amma dalma tana tare shi. A ƙarfin da muka fi aiki da shi, wato wajen kilobolt 100, dalma mai kaurin kusan rubu'in milimita tana rage hasken zuwa rabi, wata mai irin wannan kauri ta sake rage abin da ya saura zuwa rabi, haka nan har a kai milimita 2, inda abin da ke tsallakewa ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari.

Ya kamata a sani cewa ba kowane irin radiyeshin, wato irin wannan haske da danginsa da ido ba ya gani, ne yake buƙatar dalma ba. Nau'in da ake kira alfa takarda ma tana tare shi. Nau'in beta roba mai kauri ko alminiyam sun fi dacewa da shi, domin idan ya daki dalma kai tsaye yakan haifar da wani haske mai ratsa jiki. Niyutron kuwa ruwa da kakin kyandir da kankare ne suke rage masa gudu. Masu tambayata ko su sa dalma a bangon ɗakin kwana saboda eriyar kamfanin waya da aka kafa kusa da gidansu, ina gaya musu cewa abin da eriya take fitarwa igiyar rediyo ce, ba irin hasken da ke lalata ƙwayoyin halittar jiki ba ne kamar na injinmu, kuma kawo dalma cikin ɗakin da yara suke kwana jawo cuta ne inda babu ita.

Idan ana maganar inda dalma take a rayuwar yau da kullum, batirin mota shi ne kan gaba nesa ba kusa ba, kuma yanzu da rashin wuta ya sa gidaje da shaguna da yawa a Legas suka koma ga sola da inbata, manyan batura sun ƙaru ƙwarai a kasuwar gwangwan. Kusan kashi sittin cikin ɗari na nauyin irin wannan batir dalma ce da sinadaranta. Bayansa akwai ƙananan ƙarafan da masu gyaran taya suke maƙalawa a bakin rim don daidaita juyawarta, waɗanda ake samu a garejoji da kasuwar Ladipo, sai dai tun da ƙasashen Turai suka hana yin su da dalma a 2005, na motocin tokumbo da yawa na tutiya ne ko na baƙin ƙarfe. Mai saye yana iya rarrabewa da mayen ƙarfe da kuma ƙusa, domin dalma ba ta kama mayen ƙarfe, kuma ƙusa tana yi mata zane mai ƙyalli cikin sauƙi. Masunta na Makoko da Epe da Badagry suna ɗaura dalma a bakin komarsu don ta nutse. Tsofaffin wayoyin tarho da na lantarki da aka binne a ƙasa tun zamanin da suna da rigar dalma, tsofaffin gidaje na cikin tsibirin Legas kuma akan samu bututun ruwa na dalma a jikinsu idan aka zo rushewa. Akwai ta a dalmar da masu gyaran rediyo suke liƙi da ita, gauraye da kuza. Akwai ta a gilashin bayan tsohuwar talabijin mai ƙeya, inda wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin gilashin sinadarin dalma ne, an sa shi ne musamman don ya tare hasken da kwalbar take fitarwa. A ƙarƙashin ƙasa ma Najeriya tana da ita, a Enyigba da Ishiagu na jihar Ebonyi da Zurak na jihar Filato, kuma dutsen da ake niƙawa a yi tozali galibi shi ne ainihin dutsen dalma, abin da ya sa ba na son ganin ana sa wa jarirai shi a ido.

Wani dattijo da nake girmamawa, wanda ya daɗe yana sayen tsofaffin batura, ya taɓa ce mini: "Likita, tunda ɗanyen kayan yana hannunmu, me zai hana mu narka mu zuba a faranti mu sayar wa masu asibiti, maimakon su riƙa sayen na waje da tsada?" Na ce masa: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari mu yi lissafi tukuna." Dalma mai kaurin milimita 2 da ta rufe mita ɗaya tsawo da faɗi tana da nauyin kusan kilo 23. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, idan za a rufe bangonsa huɗu zuwa tsayin mita 2 da ɗan kai kamar yadda aka saba, zai ci dalma fiye da kilo 850. Batirin ƙaramar mota bai fi ya ba da kilo takwas ko tara ba ko a masana'antar da ta iya aikin, mai narkawa a kan gawayi kuwa ba zai samu ko rabin haka ba, domin kaso mai yawa na dalmar batir ba ƙarfe ba ce, wani ƙulli ne da ya haɗu da iska da ruwan asid, wanda ba ya komawa ƙarfe sai a tanderu mai zafin da ya wuce na tukunya nesa. Ke nan sai an fasa batura ɗaruruwa kafin a rufe ɗaki ɗaya, kuma ƙullin da bai narke ba zai bushe ya zama ƙura a tsakar wurin.

Ko da an samu adadin, farantin da aka zuba da hannu ba ya yin kauri ɗaya. Wani gefe zai kai milimita 3, wani bai kai ɗaya ba, a ciki kuma akwai kumfar iska da datti da ido ba ya gani. Dalmar batir gauraye take da antimoni ko kalsiyam don ta yi tauri, saboda haka idan aka zo lanƙwasa ta a kusurwar ɗaki sai ta tsage. Hasken injin kuwa ba shi da wari, ba ya zafi, ba a ganinsa, kuma ta wurin da ya fi siranta yake wucewa. Da zarar an rufe farantin da filawud an yi fenti, mai asibiti zai zauna da natsuwar cewa ya yi abin da ya kamata, alhali mai ɗinki ko mai sayar da kati da ke zaune a bayan bangon daga safe zuwa dare yana karɓar abin da bai sani ba. Dalmar da masana'anta take murzawa a injin, wadda ke zuwa a naɗe da kauri ɗaya da takardar shaida, saboda wannan tabbacin ne take da tsada, kuma a ganina tsadar tana da hujja.

Abin da ya fi damuna shi ne gubar. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 kacal, wanda murhun gawayi ko na gas yake kaiwa ba da wahala ba, kuma wannan sauƙin ne yake ruɗin mutane. Hayaƙi da ƙurar da ke tashi suna shiga huhu, suna sauka a kan tufafi da gemu da tabarma da kwanon abinci. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin kalsiyam, sai ya ajiye ta a ƙashi, inda take zama shekaru da dama, kuma idan mace ta samu ciki takan fito daga ƙashin ta shiga jinin ɗan da ke cikinta. A babba tana kawo ciwon ciki mai murɗa da taurin bayan gida da ƙarancin jini da hawan jini da lalacewar ƙoda. A yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta rage na fahimta ba ya dawowa ko an yi magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Ma'aikata da yawa sun yi imani cewa shan madara ko nono bayan aiki yana wanke gubar, kuma ina so a ji ni da kyau cewa ba ya wankewa.

Mu ƴan Arewa ba mu da uzurin cewa ba mu san wannan ba. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya har da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana ba da magani, aka kuma kwashe ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma sanadin shi ne fasa tsofaffin batura da tankaɗe ƙasar wurin don neman ɓurɓushin dalma. A nan kusa da mu ma, a yankin Ogijo da ke bayan Ikorodu, inda masana'antun narka batir suka taru, gwaje-gwajen jini sun nuna dalma mai yawa a jikin ma'aikata da mazauna. Idan hakan na faruwa a inda ake da tanderu da bututun hayaƙi, mutum ya auna abin da zai faru a zangon da mutum goma suke kwana ɗaki ɗaya da kayan aikinsu. Mai sayen batir ya sayar da shi a rufe yadda ya same shi, kada ya fasa, kada ya zubar da ruwansa a kwata, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kuma kada ya shiga wurin iyalinsa da kayan da ya yi aiki da su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bangon ɗakin ɗaukar hoto ba lallai ne ya zama da dalma ba. Kauri yana maye gurbin nauyi. Kankare cikakke mai kaurin santimita 15 zuwa 20 yana yin aikin dalma mai milimita 2 a ƙarfin injinan hoton ƙashi na yau da kullum, kuma siminti da yashi da tsakuwa suna kowace unguwa. Matsalar ginin Legas ita ce bulon da ake amfani da shi mai rami ne. Bulo mai inci tara yana da kaurin santimita 22 da rabi idan aka auna daga waje, amma idan haske ya bi ta saitin ramin, ɓawo biyu ne kawai a gabansa, kuma sau da yawa yashi ya fi siminti yawa a cikinsu. Idan ana ginin ne daga tushe, sai a sa birkila ya cika ramin kowane layi da kankare yana zungurawa da rodi don kada a bar kogo, ko kuma a yi amfani da bulo marar rami. Idan gidan haya ne da aka riga aka gina, akan ƙara wani bango cikakke ta ciki, ko a yi yaɓe da barait. Shi barait dutse ne mai nauyin da ya haura giram 4 a kowane santimita, kamfanonin haƙar mai suna amfani da shi sosai, kuma ana tono shi a Azara ta jihar Nasarawa da wasu wurare a Binuwai da Taraba da Kuros Riba. Ana niƙa shi a kwaɓa da siminti a yi filasta, ba shi da guba irin ta dalma domin ba ya narkewa a ruwa, amma ingancinsa ya danganta da tsabtar dutsen da yadda aka kwaɓa, don haka ba a yarda da shi sai an auna bayan ya bushe. Farantin baƙin ƙarfe ma yana aiki, sai dai kafin ya kamo dalma mai milimita 2 sai kaurinsa ya haura santimita ɗaya, nauyinsa kuma ya yi wa bene yawa.

Tazara ma kariya ce, kuma kyauta ce. Idan mutum ya ninka nisansa daga bakin injin sau biyu, abin da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, idan ya ninka sau uku ya koma ɗaya cikin tara. Shi ya sa nake jin takaicin ganin an matse inji a ɗan ƙaramin ɗaki don a rage kuɗin haya. Bangon da ake jingina majiyyaci don hoton ƙirji shi yake karɓar hasken kai tsaye, saboda haka ya kamata a juya shi ya fuskanci wurin da ba a zama, ba ɗakin jira ko shagon maƙwabci ba. A gari irin Legas, inda wuraren gwaji da yawa suke hawa na biyu ko na uku na gidan da ake zaune sama da ƙasa, dole a tuna cewa idan majiyyaci yana kwance a kan teburi hasken ƙasa yake kallo, kuma kankaren benen da ke tsakaninsa da mutanen hawan ƙasa shi ne kariyarsu. Hawan ƙasa ya fi dacewa da wannan aiki duk lokacin da aka samu hali.

Akwai wuraren da ba makawa sai an sayi kayan masana'anta. Ƙofa ba za ta yiwu da kankare ba, sai an sa mata farantin dalma a tsakanin katako biyu, a rufe har jikin firam ɗinta, a kuma tabbatar ganyen ƙofar ya hau kan firam ɗin don kada a bar tsaga. Inda faranti biyu suka haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya da aƙalla santimita guda, kuma duk ramin da aka huda don soket ko bututu a toshe bayansa. Tagar da ma'aikaci yake leƙen majiyyaci ta cikinta gilashi ne na musamman mai dalma, kuma gilashin tsohuwar talabijin ba zai maye gurbinsa ba, domin ɓangaren da ya fi dalma shi ne na baya mai lanƙwasa wanda ba a gani ta cikinsa. Rigar dalma da muke sawa tana zuwa da kariyar milimita 0.25 ko 0.35 ko 0.5. Masu sayen ta gwanjo su sani cewa rigar da aka ninke aka danne a kwantena takan karye ta ciki alhali bayanta lafiya lau, kuma hanyar ganewa ita ce a shimfiɗa ta a ɗauke ta hoto da injin. Ratayewa ake yi, ba a ninkewa.

Duk wannan ba ya kammala sai da awo. Hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya da radiyeshin a Najeriya, wadda aka kafa bisa dokar 1995 ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin shigo da injin da amfani da shi, kuma tana da cibiyar bincike da awo a Jami'ar Ibadan. A jihar Legas hukumar HEFAMAA ce take yi wa wuraren kiwon lafiya rajista. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada abin da mutumin gari yake samu daga irin waɗannan na'urori ya wuce milisibat 1 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshin da jiki ya karɓa), ma'aikaci kuma kada ya wuce 20 a shekara idan aka daidaita a kan shekaru biyar. Masanin da ya karanci fannin shi zai lissafa kaurin kowane bango bisa ƙarfin injin da yawan hotunan da za a ɗauka a mako da kuma wanda ke zaune a ɗaya gefen, bayan an gama kuma ya zagaya da na'ura yana aunawa ana kunna injin. Kiran sa kafin a sa bulon farko ya fi araha a kan fasa bango daga baya.

Saura magana ɗaya da ta shafi ƴan gwangwan kai tsaye, kuma ita ce mafi haɗari a cikin duk abin da na faɗa. Wani lokaci dalma mafi kyau da za ta faɗo hannun mai saye, dunƙulalliya mai tsabta, tukunya ce da aka ƙera don ta rufe wani abu mai fitar da radiyeshin dare da rana. Injin hoton ƙashi idan aka kashe wuta ya daina fitar da komai, amma siziyam-137 da kobalt-60 da iridiyam-192, waɗanda ake amfani da su wajen gashin ciwon daji da duba waldar bututun mai da awo a masana'antu, ba su da makunni. A watan Satumba na 1987, a garin Goiania na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu suka ɗauko kan wani inji daga asibitin da aka yi watsi da shi suka sayar wa mai gwangwan. Ya ga wani gari yana ƙyalli shuɗi a cikin duhu, ya kai gida, ya raba wa dangi. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da matarsa da wata yarinya ƴar shekara shida, an samu gurɓata a jikin mutum 249, sai da aka auna mutum kusan 112,000. A shekarar 2000 mutum uku suka mutu a Samut Prakan ta ƙasar Tailan bayan an yanka irin wannan tukunya a wurin ƴan gwangwan, a 2010 kuma mutum ɗaya ya mutu a kasuwar ƙarfe ta Mayapuri a Delhi.

Alamar da za a kula da ita tana da fuka-fukai uku kamar farfelar fanka, galibi baƙa a kan rawaya, kuma tun 2007 an ƙara wata mai kusurwa uku ja, da hoton ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Amma fenti yana gogewa, don haka a lura da siffar abin kansa: ƙaramar tukunya ko silinda mai nauyin da ya wuce girmanta nesa, mai makulli ko marfi da aka ɗaure da noti, wani lokaci da ɗan allon ƙarfe mai lambobi a jikinta. Wasu ma sun fi dalma nauyi, domin da tangistin ko yuraniyam aka yi su. Wanda ya gamu da irin wannan kada ya sa mata guduma ko wutar yanka ƙarfe, kada ya ɗora ta a amalanke ya kai zango, kada ya sa wani ɓangarenta a aljihu. Ya bar ta inda take, ya janye mutane nesa, ya sanar da shugaban kasuwa ko sarkin Hausawan unguwar don a kira ƴan sanda da hukumar NNRA. Idan kuma wani ya riga ya taɓa ta, sannan ya fara amai ko ya ga ƙuna a hannunsa ba tare da wuta ta taɓa shi ba, a kai shi babban asibiti irin LUTH da ke Idi-Araba a ranar, kuma a gaya wa likita ainihin abin da ya riƙe da tsawon lokacin da ya yi kusa da shi.